Gwangwamar Pam

Litinin, 8 ga Fabrairu 1954, da hantsi

Yau na toshe ramin.

Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, an zo an kwashe bencin majami'a da muka ara, gida ya koma daga ni sai mijina Dung, kowa na kallon nasa bangon. Matar fasto ta ce in riƙa rubuta abin da ke zuciyata, wai zai sa in huce. To ga shi na rubuta: ban huce ba, kuma ba na neman hucewa.

Ramin yana gindin katangar da ta raba mu da gidan Ajani direba. Ta nan ruwan gidansu yake malalowa cikin namu tun ranar da muka tare a Nasarawa Gwom. Matarsa Sadiat, wadda unguwa ke kira Mama Idiat, agidi take yi na sayarwa, kullum tana cikin jiƙa masara da tata da wanke tukwane. Ruwan tsamin nan ya kusa haɗa mu faɗa tun farko. Ɗana Pam ne ya raba, yana ɗan makaranta a lokacin. Ya bi babansa aikin kafinta a Rayfield, ya tsinto saiwar gwangwama a jujin wani gidan Turawa, ya zo ya binne ta a bakin ramin. Ya ce, "Mama, wannan ba ta ƙoshi da ruwa. Ki bar ta ta shanye mana faɗan."

Ta kuwa shanye. Ta yi ganye fala-fala kamar na ayaba, ta fi babansa tsayi, ta riƙa fitar da jan fure rani da damina. Tun daga nan Sadiat ba ta ƙara sayen ganyen naɗe agidi ba. Kowace safiya Pam zai yanko ganye ya miƙa ta kan katanga, hannunsa ya dawo da agidi mai zafi. Shekaru haka muke.

Yau da na farka sai na ji ruwan yana zurarowa yadda ya saba, kamar babu abin da ya faru a hanyar Bauchi. Mutum ya ɗauki ɗan mutane a motarsa wai zai koya masa tuƙi, ya dawo shi kaɗai a kan ƙafafunsa, ko ƙwarzane babu, matarsa kuma ta tashi ta jiƙa masara. Na ɗauki fartanya na sassare saiwoyin da suka cushe bakin ramin, na tura dutse, na kwaɓa jar ƙasa na liƙe, na daddanna da diddige. Ruwan gidan Ajani ba zai ƙara taɓa abin da ɗana ya shuka ba. Ni zan shayar da ita da hannuna.

Talata, da asuba

Sadiat ta kira ta kan katanga: "Mama Pam, ruwa ba ya fita o." Ban amsa ba.

Alhamis, da la'asar

Dung ya tsaya kan facin da na yi yana sosa ƙeya, kamar an kira shi ya duba ƙofar da ta ƙi rufuwa. Ya ce, "Suzana, rani ne fa. Abin nan gindinta a jiƙe take so, safe da rana da yamma. Garwa nawa za ki ɗauka?"

Na ce ko nawa ne. Na ce wuyana ne, ba nasa ba. Ya buɗe baki zai ƙara, na ce in yana marmarin ruwan gidan Ajani ya zagaya ya sha, ƙofarsu a buɗe take. Ya ɗauki zartonsa ya fita. Mutumin nan tun da aka yi abin bai ɗaga murya ga kowa ba, har hannun Ajani ya karɓa a bayan majami'a ranar da muka kai Pam. Mutane suna yabon haƙurinsa. Ni haƙurin nan nasa ji nake kamar in kwaɗa masa muciya.

Famfon unguwa sai an yi layi tun duhu, kuma da hantsi ya ɗauke. Na zuba wa gwangwamar garwa da safe, garwa da yamma. Ƙasar gidan nan tsakuwa ce, kafin in juya ta haɗiye, sai ɗan baƙin tabo ya rage. A da ban taɓa lura ba, domin wajen bai taɓa bushewa ba.

Akwai kan fure ɗaya da ya buɗe a makon da Pam ya tafi. Ƙa'ida in kara ya gama fure a yanke shi daga gindi don sababbi su samu ƙarfi, shi ya koya mini. Wannan ban yanke ba.

Lahadi, bayan sujada

Matan zumunta sun koyi sabon salo. Babu mai ce mini Mama Pam kuma. Wata ta ce Suzana, kamar muna 'yan mata, wata ta ce Mama ta tsaya cak ta haɗiye sauran. Suna ganin tausayi suke yi mini. Wata biyu ba a yi ba, sun share sunan yaron daga bakinsu kamar ƙazanta.

A duk unguwar nan mutum ɗaya ta rage tana kirana da sunansa, ita ce kuma ba ta da ikon furta shi. Rashin kunya ke nan, ba wani abu ba.

Fasto ya yi wa'azi kan gafara, yana satar kallona ta saman tabarau. Na ƙura masa ido har ya koma kan takardarsa.

Laraba, tsakar rana

Ganyen suna nannaɗewa in rana ta take, bakinsu ya fara ƙonewa.

Asabar, da safe

Na tarar da agidi biyu a kan katanga, daidai inda hannun Pam ke kaiwa. An naɗe su da ganyen kasuwa, irin ƙananan nan masu yagewa. Wato yanzu saye take yi. Madalla, ta saya.

Na ɗauki sandar shanya na ture su suka faɗa ɓangarensu. Na ji faɗuwarsu cikin ruwa, ashe ruwan ya taru a can. Daga baya na ji tana tsamo su.

Talata, 23 ga Fabrairu, da yamma

Ƙanwata Ana ta zo daga ƙauye da damin karan acca a ka. Ta ce in shimfiɗa a gindin gwangwamar, zai riƙe danshi, rana ba za ta lashe ruwan da wuri ba. Wannan dai magana ce mai ma'ana, na karɓa. Muka shimfiɗa shi da kauri, muka zuba kashin kaji da toka a ƙarƙashi, muka kafa zana ta gabas don inuwa. Da za ta tsaya a nan da mun rabu lafiya.

Amma Ana ba ta iya zama da magana a ciki, sai ta fito. Tana wanke hannu ta ce, "Yaya, kin ji abin da mutanen tasha suke faɗa kuwa?"

Na ce ban aike ta tasha ba.

Ta ce, "Wai a gangaren nan, ba Ajani ne yake..."

Na ce ta ɗauki gyalenta. Ta ce ai gara in ji daga bakinta. Na ce babu abin da zan ji daga bakin kowa. Wa ya fi wani shekaru? Motar a hannun wa aka ba da ita? Wa ya zo gidan nan ya zauna a tabarmata ya ce, Mama Pam ki ba ni shi, ni zan kula da shi kamar ɗana? Duk abin da mutanen tasha za su faɗa, su faɗa wa uwarsu.

Ta tafi tana kuka, ba ta ko ci tuwon ba. Na zuba wa kaji.

Juma'a, da hantsi

Na fara tara ruwan wanka da na wanke-wanke a tsohon daro ina kai wa gwangwamar. A da ina yi wa Pam faɗan ɓarnar ruwa, yakan dawo daga tasha baƙi ƙirin da mai, sai ya ƙarar da randa. Yanzu ruwan mutum biyu ne. Ko gindin kara uku ba ya jiƙawa.

Litinin, 1 ga Maris, da safe

Ina dawowa daga famfo da garwa a ka sai ga Ajani a ƙofar gidansa. Ba ya fita aiki yanzu, an ce ya mayar da makullin mota, wuni yake a benci kamar wanki da aka manta a igiya. Ya rame, na gani, ban kuma ji komai ba. Da ya gan ni sai ya cire hula ya kwanta rub da ciki a ƙasa yadda suke yi wa manyansu, a tsakiyar hanya, mutane na kallo. Dattijo da furfura. Yana cewa, "Mama, Mama, don Allah."

Na zagaye shi. Ruwa ya ɗan fantsalo daga garwar ya zuba a bayan rigarsa, na ji haushin asarar ruwan.

Mai kanti ya bi ni da kallo kamar ni ce na yi laifi. Ku kalla. Naku suna gida suna cin abinci.

Na tsane shi. Na rubuta don matar fasto ta ce in rubuta abin da ke zuciyata.

Alhamis, da la'asar

Kara huɗu sun kwanta. Na yanke. Sababbin tsiro ba su fito ba.

Lahadi, 7 ga Maris, da rana

Warin ruwansu ya fara haurowa. Tun da ya rasa hanya sai ya kwanta a gindin katanga ta ɓangarensu yana tsami. Da aka tashi daga sujada na ga Malam Bot duba-gari yana gaisawa da Dung. Na matsa na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya, na ce sauro ya dame mu a layinmu, ban san daga ina ba, ko da yake akwai gidan da ake jiƙa masara.

Dung ya dube ni, ya dubi ƙasa. A hanya ya ce, "Wannan ba halinki ba ne." Na ce halina yana bayan majami'a, ya je ya tono.

Talata, da hantsi

Duba-gari ya zo gidansu. Na jingina da katanga ina tsince shinkafar da babu tsakuwa a ciki, na ji komai. Na ji yana buɗe randuna, na ji ya ce ga tsutsa, na ji fashewar babbar tukunyar da take jiƙa masara, wadda ta zo da ita tun daga garinsu. Raina ya yi fari tas, ba zan ɓoye ba.

Sai ya tambaya, "Ina magudanar gidan nan? Ruwan a da ina yake bi?"

Na ajiye faifai ina jira. Na shirya amsata tsaf, in ya zagayo in gaya masa gidana ba kwatamin kowa ba ne, in kuma gaya masa dalili, layi duka ya ji.

Ta ce, "Oga, ya toshe ne."

Ya ce wa ya toshe shi. Ta ce, "Ya toshe ne kawai, oga. Laifina ne."

Ya ce ta haƙa sabuwar hanya ta bi gindin katanga ta fita titi, in ya dawo ya ga ruwa a kwance kotu za su haɗu. Ya tafi bai ko leƙo gidana ba.

Munafuka. Wa ya roƙe ta ta rufa mini asiri? Ta bar ni da maganata a baki, wuni guda tana ci na kamar ƙwarnafi.

Asabar, da safe

Ban ji ana haƙa ba. Abin da nake ji shi ne jera duwatsu a gindin katanga, da kuma ita da 'yarta Idiat suna ta fita da bokiti suna zubarwa a titi. Mace mai ciwon gwiwa. Ga hanya mai sauƙi an nuna mata, ta zaɓi wahala. Matsalarta ce.

Laraba, tsakar rana

Famfo bai zo ba yau. Na ba gwangwamar ruwan shanmu.

Lahadi, da yamma

Kan furen nan da ban yanke ba ya bushe, ƙwansonsa ya tsage, 'ya'yan sun zubo, baƙaƙe masu tauri kamar harsashi. Irinsu Pam ya zuba a ƙoƙo ya yi wa zumunta kacau-kacau. Dung ya tsince su ya ce mu ajiye, in damina ta zo a goga su a dutse a jiƙa a shuka. Ya ce kuma kada in damu ko saman ya bushe duka, saiwar barci take yi a ƙasa, ruwan sama na sauka za ta farka.

Na ce abin da iri zai fitar ba shi ne hannunsa ya binne ba. Amma maganar barcin ta ɗan kwantar mini da hankali, ban dai gaya masa ba.

Laraba, 24 ga Maris, da la'asar

Na ja kara ɗaya in gyara masa tsayuwa sai ya biyo hannuna, babu nauyi. Na ja wani, haka. Na ɗaga karan accar da muka shimfiɗa, sai ga gara fari fat, sun yi gidansu a ƙarƙashi. Ɗan ruwan da nake zubawa bai ishi gwangwama ba, amma ya ishi gara. A da, da wajen ke jiƙe sharkaf dare da rana, ba su taɓa kusantarsa ba.

Na sa hannu na tona. Saiwar nan da take da kauri kamar gwaza, in ka kankare ta fari ne ciki mai ruwa, yau ɓawo ce kawai cike da ƙasa. Na bi ta gaba da baya ina neman ido ɗaya mai rai, na tona har farcena ya tsage. Babu.

Dung ya dawo ya same ni zaune cikin ramin. Bai ce ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa da na samu wanda zan yi wa ihu. Ya tsuguna ya ɗauki ɓawo ɗaya ya murza, ya sa a aljihun rigarsa, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Na ji kukansa. Tun ranar bayan majami'a ban ji shi haka ba.

Su suka jawo. Da ba su yi abin da suka yi ba, da ban toshe ramin ba.

Alhamis

Ban je famfo ba. Me zan yi da ruwan?

Lahadi, da hantsi

Ban je sujada ba. Matar fasto ta aiko a tambayi jikina. Na ce a gaya mata jikin lafiya lau.

Alhamis, 8 ga Afrilu, da safe

Hadari ya taso jiya ta wajen Naraguta, ya yi ta cika baki, ya watse ko ɗigo babu.

Na daɗe ba na duban katangar nan, ko shanya a ɗaya gefen nake yi. Yau kaza ta hau kai na je kora ta, sai na ga wani kore ya leƙo daga ɓangarensu. Bakin ganye ne, a nannaɗe kamar tabarma, irin yadda sabon ganye ke fitowa kafin ya buɗe. Na san ganyen nan fiye da tafin hannuna.

Kaina ya ɗauki zafi. Ɓarauniya. Sun ɗauke mini ɗa bai ishe su ba.

Talata, da la'asar

Ya yi toho a sama. Ja ne.

Asabar, 17 ga Afrilu, da hantsi

Furen ya buɗe yau, jajir, yana leƙen gidana ta kan katanga. Na ɗauki fartanya na zagaya. Tun ranar da aka kawo labari ban taka ƙofar nan ba, yau na shiga ko sallama babu.

Sadiat tana durƙushe tana tata. Ajani yana bakin ɗaki, ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa. Ban dube shi ba, katanga na nufa.

Daga cikin ramin ta fito. Guntun saiwar da na sare ranar nan, wanda ya rage a cikin katanga bayan dutsena, shi ne ya juya ya bi ruwa ya ɓullo ta wajensu. Kara biyar, ganye shar, ko ɗaya ba a taɓa yanka ba. An kewaye su da duwatsu, an cika da ƙasa, ƙasar baƙa a jiƙe. Daidai nan duba-gari ya ce a haƙa hanya.

Na ce, "Wa ya ba ki?"

Ta goge hannu a zani. Ta ce, "Mama Pam, ni ban shuka ba. Shi ne ya fito da kansa. Na tashi da safe na gan shi ƙarami haka." Ta nuna da yatsa.

Na ce me ya hana ta gaya mini.

Ta ce, "Na kira ki. Kullum ina kira. Ba ki amsa."

Na ce kada ta ƙara kirana da sunan nan, bakinta bai isa ba. Ta ce, "Wane suna zan kira? Ni ban san wani ba."

Na ga kwandon ganyen kasuwa a gefenta, ga kuma ganye fala-fala a gabanta kyauta. Na ce, "Ga ganye kin samu, me ya hana ki yanka? Ai dama shi kike so." Ta ce, "Mai yanka mini ba ya nan."

Da ta yi kuka da na ji daɗi. Ba ta yi ba.

Na ce tawa ce, haƙewa zan yi. Ta ce, "Naki ne. Haƙa duka." Ta matsa gefe. Na ɗaga fartanya, sai ta ƙara da cewa, a hankali, "Amma Mama Pam, wane ruwa za ki ba shi?"

Na so in rufe ta da fartanyar, Allah ya sani. Na tsaya da ita a sama. Na tuna ɓawon da Dung ya sa a aljihu.

Ajani ya ce, "Mama, ranar nan a gangare, bari in gaya miki yadda..."

Na ce in ya ƙara kalma ɗaya zan sare karan nan duka in taka su a gabansa. Ya zauna.

Na tsuguna na tona gefe ɗaya da hannu har na samu reshen saiwa mai ido biyu. Ganye suna rufe mini fuska, ba na ganin inda zan sa wuƙa. Ban roƙe ta ba. Ta zo ta tattare karan ta riƙe su gefe, gwiwarta na ƙara da ta durƙusa. Na yanka, na shafa toka daga murhunta a bakin yankan, nawa da nata, don kada su ruɓe. Na mayar da ƙasa na danna. Na fita ban ce na gode ba.

Ranar dai, da almuru

Na kwashe karan accar na ƙone, na kankare ƙasar da gara suka ɓata, na binne guntun a inda Pam ya binne na farko. Na je gidan mai rijiya na roƙo garwa ɗaya na zuba. Kafin la'asar ƙasar ta koma ja, ta fara tsagewa.

Dung ya ce damina ta kusa, in daure sati biyu. Na sani. Na kuma san wani ranin zai zo, da wanda ke bayansa, kuma gidan nan ba zai ƙara zama na mutum uku ba.

Pam ya mutu. Ban taɓa rubuta shi ba sai yau.

Na ce wa Dung ya ara mini kurfi da guduma. Bai tambaye ni na mene ne ba. Facin ya yi tauri kamar siminti, da kyau na yi shi ranar nan. Sai da na ɓata lokaci kafin dutsen ya motsa, ina yi a hankali don kada in ji wa saiwar da ke ciki ciwo. Da ya fito sai na ga haske ta ramin, da ƙafafun Sadiat a tsaye a can.

Lahadi, ranar Ista, da asuba

Na fito tun kafin ƙararrawar majami'a na zauna a kan turmi. Sanyi ake yi. Na ji Sadiat ta tashi, na ji alwalar mijinta, na ji ta kunna wuta, na ji ta fara tata. Sannan ruwan ya zo, fari-fari, da warin tsamin nan da na tsana tun ranar da muka tare. Ya bi tsohuwar hanyarsa bai yi kuskure ba, ya kwanta a kan abin da na binne.

Ban yafe ba. Ban san ranar da zan yafe ba, kuma in an sa agidi a kan katanga yau ma sandar shanya tana nan.

Ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa: "Mama Pam, ruwa ya iso?"

Na daɗe ina kallon ƙasar tana yin baƙi. Anjima zan je majami'a, duk wanda ya gaishe ni zai ce Suzana.

Na ce, "Ya iso."